Ɗakin sanyin da ke mutuwa bayan azahar: nazarin wata matsalar makunnin matsi a Kano

Wurin da kayan aikin

Wani ɗan kasuwa ne a Kano mai sayar da daskararren kifi da kaji katan-katan. Masu abinci da masu suyar kifi na bakin titi su ne yawancin abokan cinikinsa. A watan Yunin 2023 aka kafa masa ɗakin sanyi a cikin shago, wanda aka tsara ya riƙe kaya a digiri 18 ƙasa da sifili, ma'aunin da aka saba ajiye daskararren abinci a kansa. Gas ɗin sanyaya da ke zagaye a cikin injin R404A ne. Kwamfireson, wato injin da ke zuƙo gas ya matsa shi ya tura, mai wuta layi uku ne, irin wanda ake iya kwancewa a gyara, ga kwandensa mai fanka biyu, wadda ke fitar da zafin gas waje har ya koma ruwa, duk a kan firam ɗaya a lungun bayan shago.

Sai an san yadda injin ke tashi da tsayawa kafin a fahimci abin da ya biyo baya. Idan ɗaki ya kai sanyin da ake so, na'urar auna sanyi ba ta kashe kwamfireso kai tsaye. Bawul ɗin solanoyid, wanda wuta ke buɗewa da rufewa, take rufewa, ruwan gas ya daina shiga kwayil ɗin ciki mai janye zafin ɗaki, kwamfireso ya ci gaba da zuƙe abin da ya rage har matsin layin zuƙa ya faɗi, sannan makunnin ƙaramin matsi ya yanke wuta. Idan ɗakin ya ɗan ɗumama, bawul ya buɗe, matsi ya hau, makunnin ya sake tada injin. Haka ake yi kuma duk lokacin narkar da ƙanƙarar kwayil, sau huɗu a kwana.

Makunnin da aka sa tun farko Danfoss KP15 ne, akwati ɗaya mai ɓangare biyu. Ɓangaren ƙaramin matsi, wanda masu gyara ke kira LP, ana iya saita shi daga ɗan ƙasa da sifili zuwa bar 7.5 (bar ma'aunin matsi ne), tazarar da ke tsakanin tashi da tsayawa kuma daga bar 0.7 zuwa 4. Ɓangaren babban matsi, wato HP, daga bar 8 ne zuwa 32. A cikin kowane ɓangare akwai ɗan zugazugin ƙarfe da gas ke turawa, da sifirin da ke danne shi. Idan turin ya rinjayi sifirin, sai bakin wutar ya juya. Ɓangaren HP na wannan shago irin wanda idan ya yanke ba ya komawa da kansa ne, sai an danna maɓalli. An saita shi a bar 28. Farantin da ke jikin tankin ajiyar gas ya nuna iyakarsa bar 32.

Damina da hunturu suka wuce babu wata matsala. A watan Janairun 2024, bayan an yi satar bututun jan ƙarfe a unguwar, mai shago ya sa maƙeri ya kewaye injin da keji, ya rufa masa kwano a sama da gefe ɗaya. Tsakanin bayan kwandensa da bango bai fi santimita 30 ba. Tun da aka kafa injin ba a taɓa wanke kwandensar ba.

Farkon matsala: tsakiyar Maris 2024

An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris. A cikin makon ne injin ya fara tsayawa tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, kuma masu sayen kayan buɗa-baki ke yawan sa a buɗe ƙofa. Fankokin cikin ɗaki suna juyawa, fitila tana kunne, amma kwamfireso shiru. Yaron shago ya gano cewa idan ya jira minti kaɗan ya danna maɓallin da ke jikin akwatin makunni, injin yana tashi. Da daddare kuwa lafiya lau yake aiki har gari ya waye.

A kwanakin farko sau ɗaya yake tsayawa a wuni. Kafin mako ya zagayo ya koma sau uku ko huɗu. Ran da yaron bai lura da wuri ba, ma'aunin da ke jikin ƙofa ya nuna digiri 9 ƙasa da sifili kafin la'asar.

Yunƙuri na farko: ƙarin gas

Mai gyaran da aka fara kira da safe ya zo, lokacin injin yana aiki. Geji ɗaya, wato agogon auna matsi, ya ɗora, a layin zuƙa, ya ga bar 1.6. Ya leƙa gilashin layin ruwa ya ga kumfa tana wucewa jefi-jefi, ya ce gas ne ya ragu. Ya ƙara kimanin kilo biyu daga tukunya tana tsaye, bai fitar da iskar da ke cikin tiyo ba kafin ya buɗe bawul. Bai auna matsin layin turawa, wanda ke kai gas daga kwamfireso zuwa kwandensa ba, bai kuma tsaya ya ga abin da zai faru da rana ba.

Washegari injin ya tsaya tun kafin ƙarfe ɗaya.

Yunƙuri na biyu: murɗa noti da haɗe waya, ƙarshen Maris

Na biyun da ya zo ya ga injin a tsaye, ya ga maɓallin HP ya fito, ya ce makunnin ne ya gaji, yana yankewa da wuri. Ya buɗe murfi ya murɗa notin saiti daga bar 28 zuwa 31. Kwana biyu aka samu sauƙi, a na uku abin ya dawo. Da aka sake kiransa sai ya ɗauki guntun waya ya haɗe bakunan makunnin, ya ce a bari haka kafin a sayo sabo.

Mai shago ya ji daɗi, domin injin ya daina tsayawa. Yaron da ke kwana a shagon ne ya fara ƙorafi. Ya ce wa maigidansa: "Alhaji, injin nan fa ba ya hutawa ko da daddare, kuma ƙararsa ta canza." Wayar da aka haɗe ta tsallake ɓangarorin biyu gaba ɗaya. Duk lokacin da solanoyid ya rufe, ko don ɗaki ya yi sanyi ko don narkar da ƙanƙara, babu abin da zai tsayar da kwamfireso. Sai ya yi ta zuƙa har matsin layin ya faɗi ƙasa da na iskar waje. Irin wannan kwamfireso kuwa gas ɗin da ke dawowa ne yake sanyaya motarsa. Da rana kuma matsin turawa yana hawa babu mai tare shi.

Kwana uku aka yi a haka. A rana ta uku na'urar kariyar da ke jikin kwantakta, wato makunnin da ke ba kwamfireso wuta, ta yanke wuta saboda yawan wutar da motar ke ja. Kan kwamfireso ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma mai ya fara tsatsafowa a wani noti na layin turawa.

Yunƙuri na uku: sabon makunni, farkon Afrilu

Aka aika kasuwa. Mai kanti ya fara miƙo ƙananan makunnai masu saiti ɗaya da ba a murɗawa, irin na na'urar sanyaya ɗaki mai gas R410A, amma zarensu bai yi daidai da bututun ba, aka bar su. Daga ƙarshe aka sayo mai ɓangare biyu, wanda a ido ya yi kama da tsohon, sai dai HP ɗinsa mai komawa da kansa ne, babu maɓalli. Mai gyara na uku ya ɗaura shi ba tare da ya zuƙe iska daga bututun da ya kwance ba. Ya sa HP a bar 28. LP kuma ya sa ya tashi a bar 3.5 da tazarar 1.5, kamar yadda ya saba yi wa ɗakunan ajiye lemo. Tsohon makunnin aka jefa a durowa.

Daga nan matsala ta rabu gida biyu. Da rana injin ya riƙa tsayawa, bayan minti ɗaya ko biyu ya tashi da kansa, ya ɗan yi aiki ya sake tsayawa. Yaron ya ƙirga fiye da sau ashirin a awa ɗaya, alhali masu ƙera kwamfireso galibi ba sa son tashinsa ya wuce kamar sau goma a awa. Bakunan kwantakta suka fara ƙonewa. Da daddare kuwa, lokacin da a da ɗakin ke cike gurbin sanyin da ya rasa da rana, sai injin ya yi ta zama shiru na dogon lokaci. Ma'aunin ƙofa ya tsaya yana kai-komo tsakanin digiri 9 da 12 ƙasa da sifili, bai ƙara ganin 18 ba.

A haka aka yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu. Katan-katan ɗin da ke kusa da ƙofa suka yi laushi, aka karyar da farashinsu don a rabu da su. Sauran kayan aka kai ajiya ɗakin sanyin wani maƙwabci ana biyan haya.

Bincike da awo: mako na uku na Afrilu

Na huɗun dattijo ne mai gyaran manyan injinan sanyi, ya zo da almajirinsa. Bai taɓa komai ba a ranar farko sai awo. Ya ɗora geji biyu, ya rataye ma'aunin zafi ɗaya a inuwar bakin titi, ɗaya a bayan kwandensa inda iska ke shiga, ya zauna har la'asar.

Da ƙarfe uku na rana, na bakin titi ya nuna digiri 41, na bayan kwandensa 47. Iskar da fanka ke hurowa tana bugun kwanon keji ta juyo, ta zagaya ta sake shiga ta baya. Allurar gejin turawa tana hawa a hankali har bar 28, makunni ya yanke, ta sauko zuwa 24, ya mayar da wuta. Tazarar HP a irin waɗannan makunnai bar 4 ce. Wutar gari da ta janareto duk an auna, ba a ga faɗuwar da za a ɗora wa laifi ba.

Ya kashe injin ya haska tocila ta bayan kwandensa, ya ce almajirin ya duba ta gaba. Haske bai ratso ba sai a gefe-gefe. Ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙon hayaƙin janareto ta zama dasƙararren datti a tsakanin siraran faranti. Ɗaya daga cikin fankokin tana juyawa a sanyaye idan injin yana aiki. Kafasitarta, wadda ke taimaka wa motar fanka juyawa, an rubuta ƙarfinta 6 a jiki, mita ta nuna ɗan sama da 3.

Da asuba ya dawo don gwajin iska, wato a ga ko iskar waje ta gauraya da gas. Ya tara gas a tanki da kwandensa, ya kashe kwamfireso, ya bar fankoki suna juyawa har ƙarfen ya yi daidai da yanayin gari, digiri 28. A wannan zafi, R404A zalla kamata ya yi ya nuna kusan bar 12.6. Geji ya nuna 14.1. Akwai iska a ciki.

Batun dare ya warware shi ne da takardar lissafin matsi da zafi. Makunnin LP yana yankewa a bar 2.0, wato 3.5 a cire 1.5. A R404A, bar 2.0 daidai yake da digiri 20 ƙasa da sifili a cikin kwayil. Kwayil kuwa dole ya fi ɗaki sanyi da kamar digiri bakwai ko takwas kafin ya iya janye zafi. Ke nan da zarar ɗaki ya kai wajen 12 ƙasa da sifili, makunni ya kashe injin. Ba zai tashi ba kuma sai matsi ya koma 3.5, wanda ba ya samuwa sai kwayil ya ɗumama zuwa wajen digiri 9 ƙasa da sifili. Lambobin da yaron shago yake gani a jikin ƙofa ke nan.

Sannan ya ce a kawo masa tsohon makunnin daga durowa. Ya haɗa shi da tukunyar naitirojin mai na'urar daidaita matsi, ya ɗora mita a bakunan wuta, almajirin yana buɗe bawul kaɗan-kaɗan. Yana kan 31 kamar yadda aka bar shi, kuma a 31 ya yanke. Ya mayar da shi 28, aka sake gwadawa har sau uku, kowane karo a 28 aka ji ƙas. Ya ce wa mai shago: "Alhaji, wannan lafiyarsa ƙalau." Ya kuma gargaɗi almajirin a gaban kowa cewa ba a yin wannan gwaji da iskar walda ta oksijin, domin idan ta haɗu da mai tana iya fashewa.

Gyaran da aka yi

Maƙeri ya cire kwanon gefe ya sa raga, ya ɗaga rufin sama, aka janyo firam ɗin gaba don iska ta samu hanya ta baya. Aka wanke kwandensa da ruwa da sabulun wanke kwayil daga ciki zuwa waje. Aka canza kafasita da kwantakta.

Gas ɗin da ke ciki aka kwashe shi cikin tukunya. Man kwamfireso ya yi duhu, aka zubar aka zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, domin man da ake amfani da shi da R404A yana saurin shan danshi daga iska. Aka sake notin da ke tsatsafa, aka sa sabon diraya mai tsotse danshi daga gas, aka gwada layi da naitirojin, aka zuƙe iska da injin bakyum. Sabon gas a kan sikeli aka auna shi, kuma a ruwansa aka zuba, saboda R404A gauraye ne na gas uku, R125 da R143a da R134a, idan aka ɗebo shi ta sama a matsayin tururi ma'aunin haɗin yana iya sauyawa.

Tsohon makunni aka mayar. HP a bar 28, mai maɓalli, kuma an tabbatar bututunsa yana kan ƙofar bawul ɗin turawa wadda ba ta rufuwa idan an mayar da bawul baya. LP ya tashi a bar 1.8, tazara 1.4, ya yanke a 0.4. An zaɓi 1.8 ne don ya kasance ƙasa da bar 2.2, matsin da gas ɗin ke nunawa a digiri 18 ƙasa da sifili, ta yadda da solanoyid ya buɗe injin zai tashi ko da ɗaki yana da sanyi. An zaɓi 0.4 don ya yi nesa da matsin aiki na yau da kullum, amma bai faɗa ƙasa da matsin iskar waje ba.

Gwajin ƙarshe a kan injin aka yi yana aiki. Almajirin ya rufe bayan kwandensa da kwalin katan, dattijon ya ɗora hannu a kan babban makunnin wuta, idonsa a kan geji. Allura ta wuce 25, ta wuce 27, tana taɓa 28 injin ya tsaya. Aka cire kwali, aka jira matsi ya sauka, aka danna maɓalli. Aka kuma rufe solanoyid aka ga LP ya yanke a inda aka sa shi.

Sakamako: ƙarshen Afrilu zuwa faɗuwar damina

Da ƙarfe uku na rana, gari yana digiri 41 zuwa 42, matsin turawa ya tsaya tsakanin bar 23 da 24, na zuƙa wajen 1.4. Ɗakin ya koma digiri 18 ƙasa da sifili a daren farko, da rana kuma idan ciniki ya yi yawa yakan hau zuwa 16 ya dawo. Aka rubuta lambobin saiti da fenti a bango kusa da injin, aka sa dokar wanke kwandensa duk wata daga Disamba zuwa Mayu.

Sau ɗaya HP ya yanke a watan Mayu. Yaron bai danna ba sai da ya zagaya baya, ya tarar iska ta manna wata babbar leda a jikin ragar.

Hukunci

Tsohon makunnin bai taɓa yin kuskure ba. Bar 28 a R404A yana nufin gas yana komawa ruwa a kusan digiri 60, kuma abin da kwandensa mai datti, mai gurguwar fanka, mai shaƙar iskar da ta fitar, ta kai shi ke nan. An kafa injin a farkon damina, don haka bazarar 2024 ce ta farko da ya gani, ta kuma same shi cikin keji da ƙurar wata uku. Tsayawa da rana kaɗai, da komawa aiki da dare, sun isa su sa a duba kwandensa kafin komai. Babu ɗaya daga cikin masu gyara ukun farko da ya ɗora geji a layin turawa ya jira lokacin da injin ke mutuwa, kuma wannan awon ne kawai zai raba gardama tsakanin makunni mai yankewa da wuri da matsin da ya hau da gaske.

Ƙarin gas ya rage wa kwandensa filin aiki. Murɗawa zuwa 31 ya bar bar ɗaya tak tsakanin injin da iyakar tankinsa. Haɗe waya shi ne mafi muni a cikin duka, kuma ban ga uzurin da za a yi masa ba, ko na awa ɗaya ne: a injin da LP ne ke tsayar da shi, ya cire kariya da birki a lokaci guda. Iska ta samu ƙofa uku ta shiga, ta tiyon da ba a fitar wa iska ba, da dararen da layi ya yi ƙasa da matsin waje, da ranar da aka canza makunni babu bakyum.

Matsalar Afrilu kuwa ta makunni ce da gaske, amma ta zaɓi da saiti, ba ta ƙira ba. HP mai komawa da kansa yana da wurin amfaninsa, sai dai a nan ya mayar da gargaɗin da ake gani ya zama kashe-kunna da ke cin kwantakta da mota. Saitin ɗakin lemo kuma ba ya yi wa ɗakin daskarewa aiki. Da ƙananan makunnan R410A sun shiga zaren, da abin ya fi haka lalacewa, domin sukan yanke ne a wajen bar 42. A digiri 50, R134a yana nuna kusan bar 12, R22 kusan 18, R404A kusan 22, R410A kusan 30. Lamba ɗaya ba za ta yi wa dukansu ba.

Akwai abin da gyaran bai magance ba. Tazarar bar 4 zuwa 5 da ta rage tsakanin matsin aiki da wurin yankewa a tsakiyar bazara ba ta da yawa, kwandensar ta yi wa zafin Kano ƙanƙanta, kuma datti kaɗan zai cinye tazarar. Kwamfireson ma ya sha wuya na kwana uku babu kariya da kusan mako biyu na kashe-kunna, kuma canjin mai ba ya mayar da abin da zafi ya ci a jikin wayoyin mota. Dattijon ya ba da shawarar a sa babbar kwandensa kafin bazara mai zuwa, a kuma sake duba man bayan wata uku. Mai shago ya yarda da duba mai, batun kwandensa ya ce sai kasuwa ta gyaru.